Damisar da Senkoro Ya Yi wa Matarsa Alkawari

A garin Mto wa Mbu, in ka ga wani dattijo sanye da kakin da guga ya cinye masa gwiwa, yana tafe a bakin titi yana ɗaga kai yana duban rassan bishiyoyi kamar wanda ya ajiye wani abu a can ya manta, to ba sai ka tambaya ba, Elisante Senkoro ke nan. Shekara talatin da shida ya yi yana tuƙa baƙi masu zuwa kallon namun daji, kuma ko ranar Lahadi da kakin nan yake zuwa coci, sai dai ya ɗora kwat a kai. Mu 'yan gari Baban Sifa muke ce masa. Direbobi kuwa, daga birnin Arusha har Seronera da ke tsakiyar dajin Serengeti, da Mai Damisa suka san shi, kuma in za ka kira shi da wannan sunan sau goma a jere, sau goma zai waiwayo.

Daga duwatsun Pare ya gangaro yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya samu aikin wankin mota a wani gareji a Arusha. A nan ya koyi tuƙi, rabi da izini rabi a sace. Wata safiya zazzaɓi ya kayar da wani direba, ga Turawa biyu tsaye da jakunkunansu, aka duba aka rasa, aka ce to kai zo ka kai su dajin Manyara. Kalmar Turanci ɗaya tak ya sani a lokacin, wadda ke nufin "duba", kuma da ita ya wuni yana aiki. Da la'asar ya taka birki a gindin wata bishiya ya sake faɗinta, Turawan suka ɗaga kai, sai ga damisa kwance a reshe. Kafin ya bar aiki ya iya faɗin "duba" da harsuna bakwai, har da na mutanen Japan. Sauran maganar kuwa da hannu yake ƙarasa ta.

A wurin direbobi zaki ba abin alfahari ba ne. Rago ne, a bakin hanya yake kwanciya, ko mai koyon tuƙi zai yi tuntuɓe da shi. Giwa kuma ina za ta ɓuya? Damisa ce ke raba direba da mai riƙe sitiyari kawai. Kowace mota tana da oba-oba, wanda ya fara ganinta shi zai sanar, sauran su taho a guje, kafin ka ce me mota ashirin sun zagaye bishiya ɗaya. Baƙo dai ya ɗauki hotonsa ya tafi yana murna, bai san akwai wani bambanci ba. Amma direbobi sun sani. Wadda aka kira ka ka je ka gani ta aro ce, wadda ka samo da kanka ita ce taka. Senkoro yana bugun ƙirji cewa tun da yake bai taɓa nuna wa baƙo ta aro ba. Wannan kam da ɗan gishiri a ciki, amma ba mai yawa ba.

Matarsa Nakijwa jar ayaba take sayarwa a bakin babban titi, daidai inda motocin baƙi ke rage gudu. Can ya ganta. Wata shida ya yi yana tilasta wa baƙinsa sayen ayaba, a tafiya su saya, a dawowa su saya, yana gaya musu da hannu cewa maganin jiri ce. Ranar da ya yi ta maza ya buɗe baki, bai yi mata alkawarin gida ko gona ba.

"Ki aure ni," in ji shi, "in kai ki Seronera in nuna miki damisa. Tawa ta kaina, ba ta aro ba."

"Cin ta ake yi?"

"A'a."

"To Allah ya sauwaƙe," in ji ta, ta ci gaba da jera ayabarta. Bayan wata huɗu aka ɗaura.

Sai dai alkawarin ya yi ta tafiya. Lokacin baƙi babu kujera a mota. Lokacin damina mota tana gareji. Aka haifi Sifa, aka haifi ƙannenta maza biyu, aka yi ta faman makaranta. Kowace shekara sai ya ce baɗi, ita kuma ta ce kada ya wahalar da kansa. A cewarta ta ga namun daji har ta ƙoshi, tunda gwaggon biri kullum sai ya sauko daga daji ya sace mata ayaba, su kuma Turawa su leƙo ta taga suna ɗaukar ɓarawon hoto suna dariya. Amma in ya yi kwana goma a daji ya dawo yana ba da labari a tsakar gida, takan bar tsintar shinkafa ta saurara, in ya lura kuma sai ta ce tsakuwa take nema.

A gida ma direba ne. Ba ya cewa miƙo mini gishiri, sai ya rage murya ya nuna da yatsa ya ce, "Hannun dama, bayan butar shayi, kada ki yi motsi da ƙarfi." Yaransa da dafaffen ƙwai suka girma, domin kowane kwalin abincin rana na baƙi yana da ƙwai ɗaya, baƙi kuma ba su cika ci ba, shi kuwa ɗan Pare ne, ba ya iya ganin abinci ya tafi a banza. Har yau Sifa ba ta son ko warin ƙwai.

Bara waccan ne abin ya fara. Da farko gefen idonsa ne ya riƙa yin duhu, ya ce ƙura ce. Sannan nesa ta fara cakuɗewa, bishiya da inuwarta suka zama abu ɗaya. Wata safiya a dajin Tarangire ya tsayar da mota, ya ɗaga hannu, ya sa wasu 'yan Italiya shida suka yi tsit na minti goma suna ɗaukar hoton suri. Ya ce musu zaki ne yake barci. Allah ya rufa asiri ciyawa ta yi tsawo, suka tafi suna ta murna. Amma motar da ke bayansa ta Temba ce.

Aminieli Temba ɗan ƙabilar Chagga ne, tare suka fara aiki, kuma tsakanin mutanen Chagga da na Pare akwai wasa tun kakanni. Shekara talatin Temba bai taɓa barin ko tuntuɓen Senkoro ya wuce ba tare da ya kai shi majalisar direbobi ba. Wannan kuwa bai kai shi majalisa ba. Da suka dawo gari ya sa shi a mota ya kai shi wurin likitan ido a Moshi. Likita ya ce jijiyar ido ce ke mutuwa a hankali, magani zai rage mata gudu amma ba zai dawo da abin da ya tafi ba, tuƙi kuma ya ƙare. Senkoro ya ɓoye kwalbar maganin a cikin tsohon takalmin aikinsa, ya ajiye aiki, ya gaya wa kowa, har da matarsa, cewa ciwon baya ne. Tun daga nan yake dafe baya in ya tuna, wani lokaci hagu, wani lokaci dama.

Abin da ya hana shi sukuni ba aikin ba ne. Alkawarin ne. Ya san in ya sake cewa baɗi, to babu wata baɗi da za ta same shi da ido. Saboda haka a watan Afrilu, da ruwa ya sauka baƙi suka ɗauke ƙafa, ya je ya sami Temba yana wanke motarsa.

"Motarka nake so kwana uku, da kai a ciki. Zan kai Maman Sifa Seronera."

Temba ya ajiye bokiti. "Ɗan Pare zai tafi yawon shaƙatawa? Ku da kuke rataye busasshen kifi a rufin ɗaki, kuna nuna masa lomar ugali, tuwon masarar nan naku, kuna haɗiyewa?"

"Mu dai kifinmu yana nan. Ku da tuni kun sayar da rufin."

"To na ji. Yaushe?"

"Jibi. Amma da sharaɗi. Za ka kashe oba-oba. Kuma in ka ga wani abu a bishiya, ka haɗiye shi. Ba nuni, ba ƙifta ido, ba komai."

Temba ya dube shi. "Senkoro, ciyawa ta kai ƙugu fa. Masu ido biyu ma kwana huɗu suke yi ba su gani ba."

"Na tambaye ka tsawon ciyawa?"

Maman Sifa ta yi ta ƙorafi. Wa zai tsare mata ayaba, wa zai ba kaji ruwa, kuma mutum da ciwon baya ina shi ina hanyar Serengeti. Amma ranar tafiya tun kafin ya gama aski ta fito cikin kayanta na coci, ɗinkin atamfar kitenge mai ruwan goro, da ɗaurin kai, da takalmi mai ɗan tudu, ga tukunyar makande, dafa-dukan masara da wake, ta naɗe ta a zane ta rungume.

"Haba Maman Sifa, daji fa za mu. Ga wandon kaki na samo miki."

"Ka ba Temba ya ƙara. Wurin aikin mijina za ni, ba zan je kamar mai gyaran famfo ba."

Aka ba ta kujerar baƙi ta tsakiya, wadda ta fi kowace daɗi. Shi ya zauna gaba kusa da Temba, da madubin hangen nesa rataye a wuya, kuma tun kafin su gama hawa dutsen Manyara ya fara koya wa Temba tuƙi. Giyar nan ta yi nauyi. Ramin nan ai tun zamanin da ake kauce masa ta hagu. Temba ya ce in ya ƙara magana zai ɗaure shi a rufin mota tare da tantuna.

Ranar farko ta zo masa da sauƙi, domin hanyar tana cikin kansa. Ya san kowace kwana, ya san inda ƙarar taya ke canjawa, ya san a wannan watan filin da ke bayan dutsen Ngorongoro cike yake da dabbobi har inda ido ya ƙare. Sai ya miƙa hannu da ƙarfin gwiwa ya ce, "Duba, jakunan dawa," kuma ko ina ya nuna suna nan.

Maman Sifa ta leƙa ta ƙare musu kallo. "Duk wannan ƙibar, kuma ba mai ɗora musu ko buhu ɗaya? Kai, an yi asara."

Raƙumin dawa ya ba ta tausayi, ta ce in maƙogwaro ya kama shi ya shiga uku. Da suka iske zakuna a gindin wani dutse, namijin ya baje ƙafafu sama, matan suna can suna fakon nyumbu, shanun dawan nan masu gemu, sai ta kama haɓa.

"Wannan ne sarkin? Mata na can suna nema shi yana nan yana shan iska. Ashe abin har daji ya kai."

Giwa kuwa ƙin kallonta ta yi. Ta juya fuska ɗaya gefen ta ce ita ba ta gaisawa da waɗanda suka cinye wa mahaifiyarta gonar masara a dare ɗaya, ko da jikokinsu ne. Temba ya yi dariya har ya kusa sakin hanya. Senkoro ya yi ta bayani, shekarun giwa, nauyinta, yawan ruwan da take sha, ita kuma tana cewa, "Ka gani ko? Ga ci ga sha."

A wurin cin abincin rana aka miƙa wa Senkoro kwalinsa na baƙo, karo na farko a rayuwarsa. Ya ci cinyar kazar, ya sha lemon, ya duba hagu da dama ya jefa ƙwan a aljihu. Maman Sifa ta buɗe tukunyarta. Ƙamshin ya jawo direbobi uku da ke wurin, suka zo da cokulansu ba kunya, sai kuma suka gane wanda ke zaune.

"Kai! Mai Damisa! Ashe kana duniya? Yaya bayan?"

"Da sauƙi," in ji shi, ya dafe dama.

"Mama, yau kin zo da mai wurin. Mu kwana biyar rabonmu da damisa. Gobe duk bayanku za mu bi."

Senkoro ya yi dariya tare da su, amma sai ya ture makanden gefe.

Washegari tun da sassafe suka bi kogin Seronera, inda manyan bishiyoyin rawuya da ƙaya suka jeru a bakin ruwa. Temba ya ɗaga rufin mota, Senkoro ya miƙe tsaye ya kafa madubi a ido. Ya san bishiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ya san wadda ya samu damisa a kanta sau goma sha ɗaya. Yanzu kuwa duk sun zama dunƙulen duhu, madubin ma sai dai ya ƙara wa duhun girma. Suka haura, suka gangaro, suka sake haurawa. Maman Sifa ta ƙirga motoci, ta gyara ɗaurin kai, ta ɗan yi gyangyaɗi.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya, suna wuce wata rawuya, tari ya sarƙe Temba. Ya rage gudu, ya sake yin tarin, har sau uku.

"Wuce," in ji Senkoro.

"Ƙura ce ta shige mini."

"Ƙura a Afrilu? Na san tarin nan naka. Wuce, na ce."

Temba ya wuce. Maman Sifa tana can tana laluben alewa a jaka za ta ba mai tari, ba ta ɗaga kai ba.

Da suka tsaya a tafkin dorina, ta sauka ta je ta toshe hanci tana kallonsu, Temba ya ja shi bayan mota.

"Kai wane irin mutum ne? Damisa ce fa, da barewarta a rataye, a reshen ƙasa, ko akuya za ta gan ta! Da ka ɗaga hannu kawai ka ce duba, wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"Ita ko ta aro ko ta haya, ina ruwanta? Kyanwa ce dai a bishiya."

"Taka ce. Ka je ka ɗauko matarka ka nuna mata."

"Gobe ƙarfe goma za mu juya, ka sani ko? Takardar izininmu za ta ƙare."

"Na sani."

Temba ya buɗe baki zai ƙara, ya dubi fuskar abokinsa, sai ya tafi duba tayar da ba abin da ya same ta.

Da yamma a sansani Senkoro ya zauna a ƙofar tanti ya fuskanci faɗuwar rana. Baƙinsa har kuka wasu suke yi in sun ga wannan faɗuwar ranar. Shi yau jan abu kawai yake gani, ba sama ba ƙasa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar da ɓauna ta tasar wa motarsa. Ya ga kansa yana komawa gida da matar nan hannu wofi, kuma ba shi da bakin sake cewa baɗi.

Maman Sifa ta fito da kwalbar man zafi. "Ɗaga rigar. Yau wane gefe ne?"

"Hagu."

"Jiya dama ne."

"Yawo yake yi."

"Allah sarki. Ya biyo mai shi," in ji ta, ta shafa masa a hagun.

Ruwa ya kwana yana zuba. Da gari ya waye suka naɗe tantuna suka koma bakin kogi, hanya duk taɓo, ba mota ko ɗaya. Ƙarfe bakwai ta yi, takwas ta yi. Senkoro ya sauke madubin daga wuyansa ya ajiye a kan kujera.

"Kashe injin."

Temba ya kashe. Senkoro ya miƙe, ya fitar da kai ta rufi, ya rufe idanunsa gaba ɗaya. Maman Sifa ta fara cewa wani abu game da laka a takalminta, ya ɗaga mata hannu, ta yi shiru. Ruwa na ɗiga daga ganye. Kurciya na kuka. Dorina ta yi gurnani a can ƙasa. Sun fi minti ashirin a haka, har Temba ya fara satar kallon agogo.

Sai zabi suka ɓarke da kuka a tsallaken wani kwari, irin kukan nan na tsiya da ba ya tsayawa.

"Kunna. Gaba, a hankali. Bi ta mashaya."

Suka tsallaka. Ya sake sa aka kashe. Yanzu birai ne, wani yana yin wani gajeren haushi daga ƙololuwar bishiya, ya yi ya dakata, ya sake yi. Senkoro ya karkata kai.

"Wannan ba na zaki ba ne. Da zaki ne da ba su hau can ƙarshe ba. Damisa ce, kuma ba tafiya take yi ba, da kukan ya bi ta. Matsa gaba kaɗan. Kaɗan, na ce, ba Moshi za mu ba. Tsaya."

Barewa ta yi atishawar gargaɗi a hannun dama, sau biyu. Iska ta juyo, ta kawo wani ɗan wari na naman da ya kwana, ga kuma ƙarar ƙudaje sama da kansu, ba ƙasa ba. Ya buɗe ido. A gabansa akwai manyan duhu uku a jere.

"Rawuya ta tsakiya," in ji shi. "Tana kai."

Temba ya leƙa ta gilashi, ya sunkuya, ya sake leƙawa. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. "Ɗan Pare," ya ce a hankali, "Allah ya isa tsakanina da kai."

Daɗi ya cika Senkoro har ya manta da komai. Tsohon aikin ya taso masa. Ya kamo matarsa ya tsayar da ita kusa da shi, ya rage murya, ya miƙa yatsa zuwa wani dunƙule da yake iya gani a hagun bishiyar.

"Duba, Maman Sifa. Ga ta can. Kin ga yadda ta kwanta? Kin ga kanta a kan reshe? Haka suke yi in sun ƙoshi. Duba da kyau, kada ki yi motsi da ƙarfi."

Maman Sifa ta bi yatsan da kallo. Tsohuwar sheƙar tsuntsu ce, tarin ƙirare da ruwa ya jiƙa. Ta dubi sheƙar, ta dubi fuskar mijinta. Sannan ta kama wuyan hannunsa da hannu biyu, ta ja shi a hankali zuwa dama, ta ɗan ɗaga shi sama, ta tsayar.

"Nan take, Baban Sifa."

Bai janye hannun ba. Temba kuwa ya sami wani abu mai muhimmanci da zai kalla a sitiyari.

"Tun yaushe?" in ji Senkoro.

"Tun bara waccan. Mutumin da yake hango ni tun daga kan dutse yana danna mini hon, shi ne ya zo ya wuce ni a ƙofar coci, har yana ce mini sannu baiwar Allah. Kuma wa kake tsammani yake goge maka takalmin nan da ka mayar kantin magani?"

"Me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Kai me ya sa ba ka yi ba? Kwalba huɗu ta man zafi na ƙarar a bayan da lafiyarsa ƙalau."

Ya so ya yi dariya, abin ya ƙi fitowa daidai. Kunya ta kama shi, sauƙi ma ya kama shi, ya rasa wanne ya fi. Ya goge fuska da hannun da ba ta riƙe ba.

"Amma ni na samo ta."

"Kai ka samo ta. Ina tsaye. Ko wannan mai tarin bai gan ta ba sai da ka faɗa."

"Ni shaida ne," in ji Temba, ba tare da ya ɗago ba.

Senkoro ya juya wajen matarsa. "To faɗa mini. Yaya take?"

Maman Sifa ta gyara tsayuwa, ta ƙanƙance ido kamar mai duba ayabar da za ta sara.

"To, ba ta kai yadda kake zuzuta ta ba, amma ba laifi. Ta fi karen Pasto girma sau biyu. Ta kwanta a kan cikinta, ta saki ƙafafu biyu ta nan, biyu ta can, kamar kai ranar Lahadi bayan ka ci ka ƙoshi. Jikinta ya jiƙe. Zanen kuwa, kai, Baban Sifa, zanen nan da kyau yake. Ba ɗigo ba ne ashe, kamar 'yan furanni ne, baƙi a gefe, ruwan zuma a tsakiya. Da za a samu atamfarsa da na saya."

"Kunnen fa? Dubi kunnen hagu."

"A tsage yake kaɗan."

"A tsage?" Ya damƙe hannunta. "Daga sama, kamar an yanka da almakashi?"

"Haka."

"Na san ta! Temba, ita ce! Tana 'yar ƙarama na fara ganinta a bayan uwarta, shekara tara ke nan. Ashe tana nan. Ashe ta rayu."

Maman Sifa ta dubi bishiyar, ta dubi mijinta da yake ta zare ido yana neman abin da ba zai samu ba, tausayinsa ya cika ta har ta ji haushin kanta da ta bar shi shekara biyu yana fama shi kaɗai.

"Tsaya," in ji ta. "Ta ɗago kai. Ta buɗe ido."

"Ina take kallo?"

"Kai take kallo."

"Ni?"

"Kai mana. Ni wa ya san ni a nan?"

Senkoro ya cire hularsa, ya gyara wuyan rigar kakinsa, ya miƙe sosai ya fuskanci inda hannunta ya tsayar da nasa. Temba, wanda yake ganin damisar tana ta sharar barcinta ko kunne ba ta motsa ba, ya buɗe baki, sai kuma ya rufe.